Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Ɗaliban Tattalin Arziki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta aiwatar a shekarar karatu da ta ƙare, wadda muka mayar da hankali a cikinta kan damarmakin da ɗalibin tattalin arziki a jami'ar Amurka yake da su a wajen aji.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne shirin shiga gasar College Fed Challenge, wadda Babban Bankin Amurka yake shirya wa ɗaliban digirin farko. A gasar, ɗalibai kan nazarci halin da tattalin arzikin ƙasar yake ciki, sannan su ba da shawara kan kuɗin ruwa tamkar su ne kwamitin bankin da ke zama sau 8 a shekara. Mun riƙa haɗuwa da yamma muna zaƙulo alƙaluma daga rumbun FRED na reshen bankin da ke St. Louis, muna auna su da nauyi biyu da doka ta ɗora wa bankin, wato wadatar ayyukan yi da daidaita farashi, tare da mizanin hauhawar farashi na kashi 2 cikin ɗari da ya ayyana a 2012. A wani zaman gwaji, wani ɗan uwanmu ya kammala jawabinsa da jadawalai masu kyau, sai wata 'yar uwa ta tambaye shi wa zai fara ji a jikinsa idan aka ƙara kuɗin ruwan. Ya yi shiru yana duban allo. Tun daga ranar muka ware rabin kowane zama domin tambayoyi zalla, kuma a ganinmu babu gyaran da ya kai wannan amfani a bana.

Mun kuma yi taron wayar da kai kan Omicron Delta Epsilon, ƙungiyar karrama ɗaliban tattalin arziki da ta samu a 1963 bayan haɗewar ƙungiyoyi biyu, wadda ta fari daga cikinsu masana tattalin arziki John R. Commons da Frank Taussig suka kafa a 1915. Sharaɗin shiga ga ɗalibin digirin farko shi ne ya kammala darussan fannin da nauyinsu ya kai kiredit 12, kuma matsakaicin makinsa ya kai B. Wasu daga cikinmu sun cika sharaɗin tun tuni ba su sani ba, kuma mun taya su cike takardu.

Inda muka gaza shi ne rubutu, kuma abin yana damunmu ƙwarai. Ƙungiyar Omicron Delta Epsilon tana fitar da mujallar The American Economist, tana kuma da kyauta mai sunan Taussig ga maƙalar ɗalibin digirin farko, amma ba mu kai ko maƙala ɗaya matakin aikawa ba, saboda mun bar aikin har jarrabawa ta matso. Takardar shaidar zama mamba ba za ta nuna wa malamin da zai rubuta wa ɗalibi wasiƙar shaida yadda yake tunani ba. Maƙala ce za ta nuna.

Saboda haka muna miƙa wa sabon kwamiti shawarar cewa duk mai niyyar rubutu ya kawo batunsa da tushen alƙalumansa a watan farko na zango, a haɗa shi da wani babban ɗalibi da zai riƙa duba masa daftari.

Kwamitin Gudanarwa