Ƙarin Fallen Sifirin: Gyaran Da Ke Raba Taya Da Ƙasa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin direbobi da makanikai 'yan'uwanmu kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojin Jega, Birnin Kebbi da Yauri. Da zarar kakar albasar Aliero ko shinkafar Argungu ta kama, sai mai akori-kura ya ce a ƙara masa falle biyu a sifirin baya, ko a sa mai kauri, don kada motar ta zauna idan an yi lodi.

Aikin sifirin ba ɗaukar kaya kaɗai ba ne. Shi ne ke danna taya ta bi ƙasa, ta faɗa rami ta fito ba tare da ta saki hanya ba. Idan ya yi tauri fiye da nauyin da ke kansa, bayan motar tsalle yake yi a gargada, kuma tayar da ke sama ba ta ja, ba ta birki. Hatsarin ya fi yawa a dawowa, bayan an sauke kaya: mota fanko, hanyar burji, ga yayyafi. A Hilux da sauran masu ja da ƙafar baya, taya za ta riƙa juyawa a banza. A kwana kuwa, tsakanin gaba da baya, ɓangaren da ya fi tauri shi ke kwasar mafi yawan nauyin da ke karkata gefe guda, sai tayar baya ta cikin kwanar ta yi sakayau, baya ya zame ya nemi wuce gaba.

Mutane na raina kaurin falle. Wanda ya cire mai milimita 8 ya sa mai milimita 10, taurinsa ya kusa ninkawa biyu, domin tauri yana hawa da sauri fiye da kauri nesa ba kusa ba. Haka sifirin naɗi: yanke shi ƙara masa tauri yake yi.

Akwai kuma abin da ya fi damun mu. Yawancin tsofaffin akori-kura da bas suna da wani bawul kusa da aksil na baya (ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya), wanda ke auna yadda bodi ya sauka, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon lodi. In an taurara sifirin, bodi ba ya sauka, bawul ɗin ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya alhali buhuna na danƙare. Birkin gaba shi kaɗai zai sha wahalar har ya yi zafi ya saki.

Sifirin ba ya ƙara wa aksil, boris ko taya ƙarfi. Tayar da aka rubuta wa lambar nauyi 91 a jikinta, kilo 615 ne iyakarta, ko falle nawa aka jera.

Ga mai ɗaukar kaya kullum, shawararmu a sa fallen taimako, irin wanda ba ya taɓa komai sai mota ta sauka da nauyi. A canza gefe biyu tare, sannan a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi hagu da dama, su zo daidai. A duba shokozoba: danna bayan motar ka saki, in motar ta yi lilo fiye da sau ɗaya shokozobar ta mutu, kuma sifirin mai tauri a kan matacciyar shokozoba shi ne mafi muni. A sa sababbin kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, a sake matse notinansu bayan tafiyar farko, a saita bawul ɗin birki. Kaya masu nauyi a jera su gaban aksil na baya, domin abin da ya leƙo bayansa ɗaga gaban mota yake yi, sitiyari ya yi sako-sako.

Muna roƙon shugabannin tashoshi da jami'an kiyaye haɗurra su riƙa leƙa ƙarƙashin mota kamar yadda suke duba takardu.

Naku,
Wasu makanikai daga Jega, Jihar Kebbi