Wankin ƙoda bayan hoton jijiyoyin zuciya: a bar wa likita hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyalan masu ciwon ƙoda kan abin da na gani lokacin da muka kai Baffana, ƙanin mahaifina, wani asibiti a wajen Katsina domin a duba jijiyoyin zuciyarsa. Ya daɗe yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma ƙodarsa ta riga ta yi rauni.

A wannan aiki ana zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta cinya har ya kai zuciya, sannan a tura wani ruwan rini mai sinadarin aidin domin jijiyoyin su fito a hoto. Ƙoda ce ke tace rinin, kuma idan mai rauni ce, yana iya ƙara mata lahani cikin kwana 2 zuwa 3. Da matarsa ta ji haka, tun bai gama farfaɗowa ba ta tare likita a bakin ɗaki ta ce, "Likita, tunda kun zuba masa abin nan, don Allah a wanke shi ya fita, ko nawa ne za mu nemo." Ni ma a lokacin ra'ayina ke nan, har na fara lissafin wanda zan kira rance.

Likitan ya zaunar da mu, ya ce, "Hajiya, rinin nan yana isa ƙoda cikin mintuna, kafin a haɗa shi da na'urar wankin ƙoda abin da zai faru ya riga ya fara." Ya ƙara da cewa na'urar tana rage sinadarin kiriyatinin a jini, wato dattin da ake aunawa don a gane ƙarfin ƙoda, sai sakamakon gwaji ya yi kyau alhali ƙodar ba ta samu sauƙi ba. Ga kuma haɗarin wankin da na bututun da ake sakawa dominsa a wuya ko cinya: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, da faɗuwar hawan jini ƙasa da kima ga mutumin da zuciyarsa ce ta kawo shi asibiti.

Daga baya na tabbatar ba ra'ayinsa ba ne shi kaɗai. Ƙungiyar KDIGO, mai tsara ƙa'idojin jinyar ƙoda a duniya, ta ba da shawara a 2012 cewa kada a yi wankin ƙoda don kawai a cire wannan rini. Gaskiya ne wani bincike da aka wallafa daga Taiwan a 2007 ya ga amfaninsa ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa ƙwarai, kuma shi ya sa nake ganin likitan ƙoda ne ya kamata ya yanke hukunci, ba matsin lambar dangi ba.

Kariyar da ta fi tasiri kafin aikin hoton ake yin ta. A auna ƙarfin ƙoda, a yi ƙarin ruwa ta jijiya gwargwadon abin da zuciya za ta ɗauka, a taƙaita rinin, a kuma dakatar da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da muke saye a kemis ba tare da takardar likita ba. A aljihun Baffa mun sami irinsu, yana sha kusan kullum saboda ciwon gwiwa, kuma babu wanda ya sani sai ranar da ma'aikaciyar jinya ta tambaya.

Akwai kuma batun na'urorin kansu, waɗanda ba su wadace mu ba. Zama ɗaya yana cin kimanin awa 4, kuma a bayan wanda aka ɗora ba da buƙata ba akwai wani da ya taso daga Daura ko Funtuwa tun asuba, ƙafafunsa a kumbure, yana jiran layi.

Kiriyatinin ɗin Baffa ya ɗan hau a rana ta uku, aka ci gaba da auna jininsa da yawan fitsarinsa, bayan kimanin kwana 10 ya koma inda yake, alhamdulillahi, ba tare da an kai shi ɗakin wanki ba. Ina roƙon wannan jarida ta tattauna da likitan ƙoda da na zuciya a shafinta na lafiya, su yi wa jama'a wannan bayani da Hausa.

Naku,
Mai karatunku daga Ƙofar Ƙaura, Katsina