Zuwa ga kwastomominmu: maganar kuɗin tayil da kayan da suka makara

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu, abokan arziki, injiniyoyi da masu sa tayil da muka daɗe muna tare, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya da iyali. Na so a ce baki da baki za mu yi wannan maganar, kowa ya zo shago a shimfiɗa tabarma a sha shayi, to amma abin ya yi yawa, waya ba ta hutawa, wani ma ya daina kira gaba ɗaya kuma wannan shirun ya fi damuna a kan faɗan. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Magana biyu ce ke yawo a kanmu. Ta farko wai mun tsawwala kuɗi, tayil ɗin da muke sayarwa ana samunsa a layin baya da sauƙi sosai. Ta biyu kuma wasu sun biya kuɗin kaya tun tuni har yau ba mu cika musu ba. Ta biyun gaskiya ce, ba zan musa ba, kuma ina ba da haƙuri. Ta farkon ce nake so ku ba ni dama in yi bayani, don wallahi ta yi min ciwo. Shekara nawa muna Ƙofar Ruwa, tun mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana zama a bakin shagon nan, ba a taɓa ce mana macuta ba sai bana.

Ku dubi dala tukunna. Mu ba mu da hanyar samunta a banki, a kasuwar canji ta Wapa muke saya kamar kowa. Farkon 2023 tana wajen naira 750, bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar ta fara hawa, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500 da nisa. A ce kwali ɗaya dala goma ne a can masana'anta, misali kawai nake ba ku, da naira 7,500 ne, a 2024 ya koma 15,000 ko fiye, kuma tayil ɗin bai ma bar ƙasarsu ba. Sai kuɗin jirgin ruwa shi ma da dala. Ya iso tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, kwastan su ma da lissafin dala suke yanka haraji, a 2024 kuwa canjin da suke amfani da shi ya yi ta sauyawa, ejan mai fito da kaya daga tasha zai faɗa maka kuɗi ranar Litinin, kafin ka haɗa ka tura ranar Alhamis ya ce an ƙara. Kwana ɗaya in kwantena ta ƙara a tasha akwai kuɗin jinkiri da yake hawa kanta. Sannan a zo maganar tirela daga Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita wajen dubu, da kaya mai nauyin tsiya, don kwantena ƙarama ta tayil tana kai tan 25 zuwa sama, direba kuma da man dizal yake tafiya ba da ruwa ba. Ga na kan hanya da ba a rubuta masa rasit. Ga fashewa, duk kwantena sai an samu kwalayen da suka tsage, mu ke ɗaukar asarar ba ku ba. Ga 'yan dako, ga mai sito da ya ƙara mana haya a bana ba tare da ko sallama ba. Duk wannan a cikin kuɗin kwali ɗaya yake zaune.

Na san za ku ce to ai na layin baya ma da dalar ya sayo. Haka ne. Amma ba kaya ɗaya muke sayarwa ba, kuma nan ne nake so a tsaya a duba da kyau, don ido kawai ba ya rabewa.

Akwai foselin akwai siramik, a fuska duk sheƙi suke yi, zane ɗaya ma za ka iya gani a jikinsu. Bambancin yana ciki. Foselin na gaske da lallausar ƙasa ake yinsa, a matse shi da ƙarfi, a gasa a wuta mai zafin digiri wajen 1,200, sai ya fito a dunƙule kamar dutse, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Wannan ita ce ƙa'idar da duniya ta yarda da ita, abin da ya wuce haka ba foselin ba ne ko me aka rubuta a kwali. Siramik kuwa yana shan ruwa sosai, na bango ma yana wuce kashi goma, shi ya sa kuke ganin masu aiki suna jiƙa shi a baho kafin su sa. Ba wai siramik ba shi da amfani ba, a bangon banɗaki da kicin ya isa har ya yi yawa, mu ma muna sayarwa. Amma a ɗauko shi a ce maka foselin ne ka shimfiɗa a falo ko baranda inda ake jan kujera, yara na gudu, ana shigowa da yashi a takalmi, to shekara biyu uku za ka ga hanyar da ake bi ta dushe, gefuna sun fara ɓantarewa.

Gwajin ba wuya. Ku juya tayil ɗin ta baya ku zuba ruwa kaɗan. In ya tsotse nan take wurin ya yi duhu, siramik ne. In ruwan ya tsaya yana kallonka, foselin ne. Ku ɗaga ku ji nauyi, ku ƙwanƙwasa ku ji ƙara. Ku haɗa guda biyu fuska da fuska ku duba ko akwai rata a tsakiya ko a kusurwa, in akwai to a lanƙwashe yake, ranar sawa mai aiki zai yi ta fama kuma ku ce shi ne bai iya ba. Dan Allah ku yi wannan gwajin a shagonmu ma, ba na layin baya kawai ba, robar ruwa na nan a ajiye.

Sai maganar ƙasa, don kullum tambayar kenan, ɗan ina ne? Na Italiya da na Sifen su ne a sama, babu gardama. Na Italiya yawanci daga yankin Sassuolo yake fitowa, na Sifen daga Castellon, girmansu daidai, gefensu a yanke tsaf, kalar kwalin farko ita ce ta kwalin ƙarshe. Amma da yuro ake sayensu, kuma tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kuɗin gas ya tashi a Turai, ga shi wata farar ƙasar da suke aiki da ita ma daga Yukiren ɗin take zuwa, sai kaya ya ƙara tsada tun daga tushe. Gaskiya yanzu kaɗan muke ajiyewa, sai wanda ya nema. Kuma in wani ya ba ku na Sifen a kuɗin da ya yi kusa da na Indiya, ku juya bayan tayil ɗin ku karanta abin da aka buga a jikinsa, kar ku tsaya a kwali, kwali kowa na iya bugawa.

Na Indiya daga garin Morbi a jihar Gujarat, na Chana kuma mafi yawa daga Foshan. Su biyun nan kuskure ne mutum ya ce suna da kyau ko ba su da kyau a dunƙule, don masana'antu ne da yawan gaske, kowacce da nata, kuma masana'anta ɗaya ma tana fitar da zaɓin farko da na biyu. Na biyun shi ne wanda aka ware saboda ɗan tabo, ko lanƙwasa, ko kala ta ɗan kauce, ko girma ya bambanta da milimita ɗaya biyu. Ana sayar da shi da araha a can, ba haram ba ne, laifin shi ne a kawo shi nan a yi shiru. Wani kuma kaurin ake ragewa, kai kana ganin santimita 60 da 60 ne duka, amma ɗaya ya fi ɗaya kauri, wanda ya rage kauri ya ƙara yawan kwali a kwantena, dole nasa ya fi sauƙi. Abin da mutumin Chana ke yi kenan, kuɗinka zai tambaya ya yi maka kaya daidai da shi.

Na gida ma kar a raina shi. Ana yin tayil a Ogun da Ajakuta a jihar Kogi, wasu sun yi kyau ƙwarai yanzu, kuma ba su bi ta kwastan ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba ni da kaina nake ce masa ya ɗauki na gida zaɓin farko, ya fi masa na waje zaɓi na biyu. Na sha faɗin haka duk da ribata ta fi a na wajen, waɗanda na faɗa wa suna nan za su shaida.

Wani abu kuma, a daina kwatanta kwali da kwali. Na 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, murabba'in mita 1.44 kenan, na 60 da 120 guda biyu ne shi ma 1.44, amma wasu girman lissafinsu daban ne. Ku tambayi kuɗin mita, ku ƙara kamar kashi goma na yanka da fashewa, ku saka kuɗin gam, don foselin tun da ba ya shan ruwa siminti zalla ba ya kama shi sosai, bayan wani lokaci ka taka ka ji yana ƙarar kwanko. Sai a zo a ce tayil ɗinmu ne ba kyau.

To maganar kayan da suka makara. Abin da ya faru, wanda muke sayen kaya a wajensa shekara da shekaru, ba zan kama suna ba, ya loda mana kwantena da kala biyu a zane ɗaya. Lambar da ke jikin kwali ta bambanta, a sito ba ka gani, amma in aka shimfiɗa a falo rana ta haska sai ka ga rabi ya fi rabi duhu. Da mun so da mun raba muku haka, da yawa ba za su lura ba sai bayan an gama aiki an biya mai sawa. Ban yarda ba. Mun tsayar da kayan, muna ta magana da shi, yau ya ce gobe, gobe ya ce masana'anta ce, ga bambancin lokaci, in muka tashi su sun kusa cin abincin rana. Kuɗinmu na can a riƙe, naku ma da kuka ba mu amana yana ciki, ina sane, ba na barci da shi.

Muna ƙoƙari, iyakar abin da zan iya cewa yanzu kenan. Akwai hanyoyin da muke bi, muna magana da wasu mutane, muna kuma duba yadda za a ɗan sassauta a wasu kayan. Ba na so in sa rana in saɓa, na riga na yi sau ɗaya kuma na ji kunya. In sha Allahu ba da daɗewa ba za ku ji daga gare mu.

Alhaji, kai da ka sayi tayil ɗin gidanka na farko a hannun Baba, ka dawo ka yi na 'ya'yanka uku a wajenmu, na ji an ce ka aika yaro wani shago satin da ya wuce. Ban ji haushi ba, kuɗinka ne, amma da ka kira ni ko faɗa ne ka yi min, ai ni ɗanka ne. Hajiya da ke gina gidajen haya ɗaki ɗaki, kullum sai kin ce in rage kuma kullum sai na rage, na gode da haƙurin da kika yi wata biyu ba ki ɗaga murya ba. Injiniya da muka yi masallacin unguwa tare, ka san abin da muka bari a kai. Mutanenmu na Maraɗi da Damagaram da ko lokacin da aka rufe boda a 2023 ba ku yanke zumunci ba, kuna kira kuna tambayar lafiya ko ba ciniki, Allah ya bar mu tare. Da masu sa tayil, ku ne kuke kawo mana mutane, ku ne kuma kuke shan zagi in kaya ya makara, mun sani, ku yafe mana.

Wanda ya gaji da jira yana son kuɗinsa, ya zo mu zauna, ba za mu ɓoye ba, sai dai a yi mana uzuri a kan yadda za a biya. Wanda zai karɓi wani zanen a madadin nasa akwai a sito. Wanda kuma aka ba shi farashi mai sauƙi a wani wuri, ya karɓo guda ɗaya ya zo da shi tare da mai sa masa, mu ajiye kusa da namu mu zuba ruwa, in nasu ya fi ni da bakina zan ce ya je ya saya.

Shago na buɗe kullum daga safe har la'asar sakaliya, ranar Juma'a sai bayan an sauko. In ba ku same ni ba ƙanina na nan.

Wassalam,
naku, daga shagon tayil, Ƙofar Ruwa, Kano.