Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Ka tambaye ni yadda nake ciyar da bijiman nan biyu da na sayo a kasuwar Wudil, alhali ka san nauyin aljihuna. Wallahi abin da mutane ke banka wa wuta a gona shi ya rufa mini asiri. Tun da kaka na bi gonaki na tara harawar wake da ta gyaɗa, na jibge a kan rumfa, na cika buhuna da kowar wake. Lokacin dami araha yake. Wanda ya yi sake har bazara kuwa, sai ya saya yana ƙunƙuni.

Abin da ya fi burge ni shi ne karan shinkafa da na ɗebo daga Kura. Da farko sai su shinshina su kau da kai. Wani malamin gona ne ya nuna mini dabara: a narkar da kilo 4 na takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na karan, a tattake shi a rami, a lulluɓe da leda har mako 3. Ranar da na buɗe, warin sai da ya sa ni hawaye. Na baza shi ya sha iska, ya yi laushi, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Yanzu har rige-rige suke yi. Amma malamin ya ja mini kunne cewa idan dabba ta lashi takin tsurarsa, kashe ta yake yi.

Ni ma garaje ya so ya ja mini asara. Satin farko na cika wa farin bijimin daro da dusar masara, wai don ya yi saurin ƙiba. Kafin magariba cikinsa na hagu ya kumbura kamar ganga, yana nishi. Da ƙyar likitan dabbobi ya ceto shi. Tun daga nan kaɗan-kaɗan nake ƙarawa, in haɗa da angurya, da ɗan gishiri da kanwa.

Yanzu tozo ya fara kwanciya gefe, dillalai har sun fara leƙowa, amma sai Babbar Sallah in Allah ya kai mu.

Na ji rogo ya wadata a wajenku. Bawonsa fa, kuna shanyawa ku ba dabbobi, ko zubarwa ake yi? Ka rubuto mini.

A gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
amininka na Kano