Baba ya dawo da sabuwar gwiwa

Zinder, daren Alhamis

Bafillacena,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali da iskar bakin teku? Wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba, na san ka gama yanke mini hukunci. Akwai maganar da nake so in tambaye ka, amma bari in fara sauke abin da ya cika mini ciki. Baba ya taka! Jiya da la'asar ya tashi daga zaure ya tafi masallacin unguwa ya dawo, sanda ɗaya ce kawai a hannunsa. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon bayansa, sai ga hawaye.

Ka san yadda ka bar shi. Guringuntsin gwiwar dama ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, ƙafar ta lanƙwashe kamar baka. Likita a Yamai ya ɗaga hoton radiyo ya ce allura da man shafawa sun gama nasu, sai canji. Muka sayar da filin hanyar Mirriya, Yaya ya cika sauran. Kusan kilomita 900 a bas zuwa Yamai, ƙafarsa miƙe bisa jakata, daga nan jirgi ta Adis Ababa zuwa Delhi.

Can aka ce mana da mutum-mutumi za a yi aikin. Baba ya ce atafau, shi ba ragon layya ba ne da za a miƙa wa inji. Sai da likitan ya zaunar da mu gaban kwamfuta. Mako ake ce wa na'urar, ta kamfanin Stryker na Amurka. Ana fara ɗaukar hoton ƙafar da sikana, kwamfuta ta fitar da siffar gwiwar sak, a shata inda za a yanke tun ba a taɓa fata ba. Hannun ƙarfen ne ke riƙe da zarto, amma likita ke tura shi, kuma da zarar zai tsallake iyakar da aka shata, sai hannun ya cije, zarton ya tsaya. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, ai tela ma sai ya ja alli yake sa almakashi. Bismillah." Shekara arba'in a kan keken ɗinki ba ta tafi banza ba.

Washegarin aikin suka tsayar da shi. Ƙarfe aka lulluɓa wa bakin ƙasusuwan biyu, da roba mai tauri a tsakani. In ka zo zai nuna maka ƴan tabo biyu a ƙwaurinsa, inda aka kafa alamomin da kyamara ke bi. Kowa ya zo dubiya sai ya gani, har mai kilishinka, wanda ya ce in tuna maka da jaka biyunsa. Ka biya bawan Allah, kada a ce rowar Fulani ta bi ka har Kwatano.

Abin da ke hana ni barci shi ne sujada. Har yanzu a kujera yake salla, can ƙarshen sahu. Liman ya faɗa masa addini ya yarda, ya kuma sani, amma na ga yadda yake kallon tabarma in mutane sun kai goshi ƙasa. Likitan ya keɓe ni ya ce na'ura tana daidaita yanka ne kawai, lanƙwasa gwiwa aikin motsa jiki ne, kuma da yawa durƙuso na yi musu wuya, zaman tahiya bisa dugadugai ma ba lalle ya dawo ba. Ban iya faɗa masa duka ba. Mai gashin ƙashi na zuwa sau uku a mako, yana danna ƙafar, Baba na cizon bakin rawani, ko uffan ba ya cewa. Kai da kake iya magana da shi, kana ganin in faɗa masa?

Mun sa magini ya yi masa masai na zama, ga shi famfo ya kwana biyar bai ɗiga ba, ƴan garuwa sai abin da suka ce. Auren da kuka yi ta musu a kai kuma an ɗaura shi Juma'ar da ta wuce a unguwar Birni, kuma ba wanda kake zato ba ne ango. Wannan sai a waya.

Ga Baba can yana kira, ƙanƙarar da na ɗora masa ta narke, sai na leƙa maƙwabta ko firjinsu ya kama. Gaishe da uwargida da yara.

Ubangidanka,
Babarbare