A riƙa ba mu labarin masu binciken sanyi

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan wani fannin bincike da jaridu ba su cika waiwaya ba, wato tara sanyi a ajiye sai an buƙace shi.

Kilo ɗaya na ƙanƙara yakan zuƙe zafi kimanin kilojul 334 kafin ya narke, kusan zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Shi ya sa wasu manyan gine-gine ke daskarar da ruwa a tankuna da dare, da rana su sanyaya ɗakuna da shi, injin ya huta. Wani nau'in firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana ma haka yake yi, sai dai shi da rana yake daskarar da ruwan, ƙanƙarar ta riƙe sanyin da dare, ba ya buƙatar batir. Na taɓa buɗe irinsa da asuba, na sa hannu, sanyi kamar bai kwana a kashe ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gas ɗin cikin injinan. Yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta ce a rage amfani da HFC, wato nau'in gas ɗin da ake sa wa injinan sanyaya, saboda yana ɗumama duniya. Don Allah ku nemo mana masu bincike su faɗa mana inda aka kwana kan abin da zai maye gurbinsa.

Naka,
Mai karanta jaridarku