Zuwa ga ɗana, sabon mushe, wato malamin makaranta, a ƙasar Dakoro

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu nan Maraɗi kowa lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na saurari saƙon muryarka. Ka ce an ba ka ajin CI, wato ajin farko na firamare, yara sun cika rumfa maƙil, babu mai jin Faransanci ko kalma ɗaya, har wani abokin aikinka ya ba ka shawarar yanko tsumagiya. Wannan shawara ban yarda da ita ba.

Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ne aka ɗauko daga gindin uwarsa, aka ajiye gaban baƙo mai magana da harshen da bai taɓa ji a gida ba. In ka ƙara masa da tsoro, bakinsa ya rufe ke nan, zai riƙa gyaɗa maka kai har ƙarshen shekara alhali bai kama komai ba. Duk dabarun da kuka koya a Ekol Normal, makarantar horon malamai, ba su cin yaro sai ya saki jiki da kai. Ka fara da sunayensu. Kada ka ce "kai, mai jar riga". Ka san sunan kowa, ka san ɗan gidan wane ne, in abu ya cije ka warware masa da Hausa.

Yanzu kaka ce. Za ka ga gurbi a aji, don wasu na gona wajen roron wake da kwasar dammunan gero. Yarinyar da ke shigowa a makare, zanenta jiƙe, tafin hannunta ja wur, daga rijiya take, kuma ka ga zurfin rijiyoyin wajen da idonka. Ka tambaye ta kafin ka ɗaga murya. Bayan la'asar ka taka har ƙofar gidansu, ka gaida mahaifinta, ka zauna kan tabarmarsa, ka sha furar da aka miƙo maka ko ba ka jin yunwa. Tun 2017 gwamnati ta kafa dokar kare karatun 'ya'ya mata, amma takardar da aka sa wa hannu a Yamai ba ta san hanyar zauren mutum ba. Malamin da uba ya sani, ya ga mutuncinsa, shi ke iya cewa a bar yarinya ta ƙare lakwal a saurare shi.

Ajinka na kara ne, saboda haka ka tuna gobarar Nuwamban 2021 a nan garin, wadda ta ci yara fiye da 20 cikin irin waɗannan rumfuna. Kullum da safe ka duba ƙofa a buɗe take, kada mai tuya ta hura wuta kusa.

Sannan ka kama kanka. Ba a kawo maka su don ɗebo ruwa ko wankin tufafinka ba. Ɗaliba kada ta shiga ɗakinka, ko da aike ne. Ɗan maigari da ɗan makiyayi layi ɗaya. Albashin malami ɗan kwantaragi yana makara, na sani, to ranar da aljihu ya bushe kada ka bar jaki ka daki taiki.

Innarka ta ɗaure maka ƙuli-ƙuli da yaji, na haɗa da kwalin alli, za mu ba direban motar kasuwa. In sun iso ka kira. Ka gaida min direktanku da maigidan da ya sauke ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka